Wayar PVC ko LSZH: wacce za a ja a ɗakin kwanan ɗalibai?

Ƙanenmu da ya samu aikin wayarin na ɗakin kwanan ɗalibai a Argungu ya ce injiniya ya rubuta masa LSZH, wato waya mai rigar da ba ta yawan hayaƙi kuma ba ta fitar da iskar asid, a takardar aiki, mai kwangila kuma ya dage a sa PVC, wato mai rigar robar da aka saba, tunda ta fi araha kuma ko'ina a Birnin Kebbi ana samunta. Yana tambaya ko bambancin na gaske ne, ko suna kawai ake saya.

Na gaske ne, ƙanena. Jan ƙarfen ciki ɗaya ne, rigar waya ce ta bambanta, kuma halin kowacce sai ranar gobara yake fitowa.

Robar PVC, kafin a gauraya ta da komai, kusan kashi 57 cikin 100 na nauyinta kulorin ne. Shi ke sa ba ta saurin kamawa, kuma sau da yawa idan ka janye mata wuta ta mutu da kanta. Amma in wutar ta fi ƙarfinta, kulorin ɗin yana fita a matsayin iska mai yaji, wadda da zarar ta taɓa danshin ido ko maƙogwaro sai ta zama asid. Ga hayaƙi baƙi ƙirin da ke hana mutum ganin ƙofa. Duk wanda ya taɓa bi ta inda 'yan gwangwan ke ƙona waya don cire jan ƙarfe ya san wannan wari, alhali su a fili suke yi, iska na kwashewa. To ina ga dogon baranda rufaffe, da tsakar dare, yara na barci? A gobarar filin jirgin saman Dusaldof na Jamus a 1996, wadda tartsatsin walda ya tayar a cikin silin, mutum 17 suka rasu, kuma hayaƙi mai guba ne ya kashe su. Wayoyi masu rigar PVC na cikin abin da ya ƙone.

Ita LSZH ba kulorin ba buromin, wato dangin sinadaran da ake kira halojin. Robar da ake yin ta da ita, foliyetilin ko EVA, in aka bar ta ita kaɗai ci take kamar kyandir. Shi ya sa ake cika ta da farin gari na alminiyam haidiroksaid, har ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin rigar. Idan zafi ya doshi digiri 200, garin yana rushewa ya saki tururin ruwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Rushewar tana shanye zafi, tururin yana tsarma iskar da ke ciyar da wuta, tokar da ta rage kuma ta yi ɓawo a kan waya. Akwai mai magniziyam haidiroksaid, wanda sai ya haura digiri 300 yake fara wannan aiki. Hayaƙinta kaɗan ne, fari-fari, ana iya ganin hanya ta cikinsa.

Wannan garin dai shi ne kuma aibinta. Yana sa waya tauri, ba ta shiga bututu da santsi irin na PVC, ga wuyar feƙewa. In aka bar nadinta a rana a watan Afrilu, lokacin da zafinmu ke wuce digiri 40, sannan aka lanƙwasa ta da ƙarfi a kwana, rigar na iya tsagewa. Ajiye ta a inuwa, ka ja da safe, kada ka matse kwana. Wajen jure mai da danshi ma PVC ce a gaba, don haka ɗakin janareta da ramin famfo ba wurin LSZH ta gama-gari ba ne. Kuɗinta kuma ya fi, kuma mai yiwuwa sai ka yi oda daga Kano ko Legas.

Ka kula da tarko biyu. Wayar da aka rubuta wa LSF kawai galibi PVC ce da aka rage wa hayaƙi, kulorin na nan. Nemi lambobin ƙa'idar gwaji ta ƙasa da ƙasa, wato IEC 60754 na iskar asid da IEC 61034 na kaurin hayaƙi a jikin waya ko takardarta. Na biyu, LSZH ba ta ci gaba da kai lantarki cikin wuta. Layin ƙararrawar gobara da fitilar gaggawa wata waya daban suke so, mai cika IEC 60331. In kana shakkar abin da aka kawo maka, gasa tsinken jan ƙarfe a wutar gas har ya daina ba da launi, ka dangwala a rigar, ka mayar cikin wutar. In harshen ya koma kore, akwai halojin. A waje za ka yi, ba cikin shago ba.

A nawa ganin, injiniya ya yi daidai. Inda jama'a ke kwana, ko asibiti, ko ɗakin kwamfutoci da asid ke cinye wa kayan ciki, musamman in wayoyi sun taru cikin silin ko bisa tiren ɗora wayoyi a baranda, a sa LSZH. Gida mai hawa ɗaya kuwa, da waya ke cikin bututu a binne a bango, PVC ta gaske ta wadatar, gara a kashe rarar kuɗin kan waya mai cikakken kauri da bireka mai kyau, don yawancin lahanin da muke gani a aiki daga siririyar waya, sakakken haɗi, da alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe yake tashi. In mai kwangila ya ƙi, kada ka canza da baki. Ya koma wurin injiniya a rubuta a sa hannu, ka riƙe kwafinka.