Ƙaramar bindiga mai cin harsashin .22: wadda zan saya da abin da zan zuba mata

Tun da na fara zuwa filin harbi a nan Texas, tambaya ɗaya 'yan uwa masu son koyon saiti suke yawan yi mini: wace fistol mai cin ƙaramin harsashin nan .22 LR (Long Rifle) ce ba ta cijewa? Nakan ce Ruger Mark IV, sannan in ƙara da cewa rabin matsalar ba daga bindigar take ba. Maganar nan ta mazauna Amurka ce waɗanda doka ta ba su damar mallaka, masu saye a hannun dillali mai lasisi bayan cike takardar 4473 ta gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa. Dokar ƙasashenmu na gida daban take.

Sai ka san harsashin kafin ka san bindigar. Tsoho ne tukuf, tun 1887 kamfanin Stevens ya fito da shi. Sinadarin da ke kunna albarushinsa ba a tsakiyar gindi yake ba kamar na 9mm, a cikin leɓen kwanson aka zuba shi zagaye. In zubin bai haɗe ba, allura ta bugi inda babu komai, shiru za ka ji. Kan harsashin kuma dalma ce da aka shafa wa kaki a waje, kakin nan da tokar albarushi su ke taruwa su zama danƙo. Ga shi babu abin da ke riƙe sakatar irin waɗannan bindigogi sai nauyinta da sifirin. Ƙarfin harbin ne kaɗai ke tura ta baya ta tofar da kwanso ta ɗauko sabo, don haka harsashi mai rauni ba ya kai ta inda ya kamata.

Ni da kuɗina na koyi wannan. Fistol ta farko da na saya ƙarama ce mara nauyi, na haɗa ta da bokitin harsashi na araha, irin wanda ake zubawa barkatai. Da wuya in ƙarar da magazin ɗaya ba ta cije ba: ko kwanso ya maƙale a tsaye a bakin sakata, ko harsashi ya ƙi tashi. Wata uku ina fama, raina a ɓace, har na fara tunanin barin harbin. Wani dattijo da ke layin kusa da ni ya miƙo mini harsashi goma daga nasa ya ce in gwada. Duk goman suka fita sumul. Amma bayan harbi ɗari da wani abu sai ta koma halinta saboda datti, kuma kwance ta a wanke aiki ne da nake gudu. Tun daga nan abin da nake fara dubawa a kowace .22 shi ne sauƙin wanki.

A nan Mark IV ta yi wa sauran nisa. Asalinta Ruger Standard ce ta 1949, bindigar da Bill Ruger da Alexander Sturm suka kafa kamfaninsu a kanta, a lokacin ana sayar da ita dala 37.50. Ƙirar ba ta sauya sosai ba: bututu a kafe yake, sakata zagayayya ce mai kai da komo a cikin gangar jiki, abin saiti ba ya motsi idan an harba. Shi ya sa take da daidaito. Abin da mutane suka daɗe suna kuka da shi a Mark II da Mark III shi ne mayar da su bayan an kwance, har wasu sai da gudumar roba. A 2016 Mark IV ta zo da maɓalli ɗaya a baya. Ka cire magazin, ka tabbata babu harsashi a ciki, ka sa makullin hana harbi, ka danna maɓallin, sai saman ya ɗago ka zare sakata. Ba sukudireba, ba komai. Bindigar da wankinta bai fi minti biyar ba, za ka wanke ta duk dawowa daga fili, kuma mai tsabta ba kasafai take cijewa ba. Ina son samfurin Target mai kaurin bututu na inci 5.5, domin nauyin nan na gaba yana kwantar da hannun mai koyo. Wanda ya saba da riƙon fistol ɗin nan 1911 ya ɗauki samfurin 22/45 na Mark IV. Aibinta: ta fi wasu tsada, tana da nauyi, magazin ɗinta harsashi 10 kawai yake ci, kunamarta ta masana'anta kuma ba ta kai yadda nake so ba. Duk na yafe mata.

Sauran fa? Browning Buck Mark, tun 1985 take kasuwa, kunamarta ta fi daɗi, amma sai ka kwance sukurori kafin ka wanke ta sosai. Smith & Wesson SW22 Victory sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita, sai ka riƙa yawo da makullinsa kana duba ɗaurin. Taurus TX22 tana cin 16, ga araha, ta dace da mai son yawan harbi fiye da saiti. Glock 44 ta mai Glock 19 ce da ke son atisaye da harsashi mai sauƙin kuɗi.

Harsashi kuwa, fara da CCI Mini-Mag mai giren 40 (nauyin kan harsashin ke nan), wanda ke gudun ƙafa 1,235 a daƙiƙa. Kansa zagayayye ne da rufin jan ƙarfe, yana hawa cikin bututu ba gardama, ƙarfinsa kuma ya isa ya tura sakatar sabuwar bindiga mai taurin sifirin. Shi ne ma'aunina: bindigar da ta cije da Mini-Mag bayan an wanke ta, ita ce ke da matsala. Idan ta sake jiki bayan 'yan ɗaruruwa, koma CCI Standard Velocity mai ƙafa 1,070. Bai kai gudun sauti ba, ramukansa a takarda sun fi matsuwa, Mark IV kuma tana cin sa lafiya. Eley na Ingila da Lapua na masu gasa ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin atisayen mako. Stinger kwansonsa ya ɗan fi tsawo, ban ga amfaninsa a harbin takarda ba. CCI Quiet mai ƙafa 710 ba zai tura maka sakata ba, kada ka ɗora wa bindiga laifi. Kuma kada ka sayi kwalin 500 na abin da ba ka gwada ba. Sayi ƙananan fakiti iri uku ko huɗu, ka harba kowanne da magazin guda, ka rubuta abin da ya faru, domin bindiga biyu ƙira ɗaya ma kowacce da abin da take so.

In ta cije, duba kwanson. Ka ja kunama ba ta tashi ba? Bar bakinta yana kallon takardar da kake harbi daƙiƙa 30, sannan ka fitar. Idan shatin allura ya fito sosai a leɓe, harsashin ne mataccen. Idan shatin ya yi sama sama, datti ne ya hana harsashi zama daram, ko ramin allura ya cika da danƙo. Kwanso ya ƙi fita, wanke mazaunin harsashi da buroshi ka duba ƙugiyar da ke fizgo shi. Sa wa kowane magazin lamba, sau da yawa guda ɗaya ne ke ɓata suna. Man shafa wa bindiga kaɗan ya isa, in ya yi yawa shi ke kama toka. Wanda ba a wasa da shi: ka ji ƙara ta yi rauni ba kamar yadda ka saba ba, tsaya nan take, ka cire komai ka duba bututu, don wataƙila kan harsashi ya tsaya a ciki.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane. Tun ƙarancin harsashi na 2020 shagunan bogi suka cika intanet. Za ka ga shafi da tambarin kamfani na gaske, hotuna masu kyau, komai akwai shi alhali ko'ina ya ƙare, farashi kuma rabin na kasuwa. Ka zo biya sai su ce ba sa karɓar kati, sai Zelle ko Cash App ko Bitcoin. Rufe shafin. Kuɗin da ya fita ta nan da wuya ya dawo. Wasu ma sukan ce za su kawo maka fistol har ƙofar gida ba tare da dillali ba. Kantin gaskiya dillali mai lasisi yake aika wa, kai ka je can ka cike takarda, saboda haka mai wannan alkawari ko ɓarawo ne ko zai jefa ka hannun hukuma. Na san wanda ya tura kuɗin kwali biyu, har yau ko amsar saƙo bai samu ba.

Magazin ma akwai jabu, a leda mai kama da ta asali, leɓensa laushi, sifirin ɗinsa ba ƙarfi. Sai ka yi ta zargin bindiga kana sauya harsashi alhali shi ne. Sayi na masana'anta a kantin da ka sani. Harsashin da ake sayarwa a leda ba kwali, ko wanda kwansonsa ya yi kore, ko kansa ke girgiza in ka taɓa, bar shi ko da kyauta ne. Ba ka san damshin da ya sha ba.

Mai sayen ta hannu kuma ya buɗe sakata ya haska bakin mazaunin harsashi da tocila. Wasu masu .22 sukan yi ta jan kunama ba harsashi, a wasu bindigogin allura ta riƙa sarar gefen ƙarfen har ya lotsa, daga nan kwanso ba zai ƙara fita lafiya ba. Mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, cewa zai yi harsashi take zaɓa. In Mark IV ce, karɓi lambarta ka duba a shafin Ruger, domin a 2017 kamfanin ya janye waɗanda aka ƙera kafin 1 ga Yuni na shekarar don gyaran makulli. In ya hana ka lambar ko ya ƙi ka kwance ta a gabansa, mayar da kuɗinka aljihu ka tafi.