Ƙaramar tarakta mai cokali: abin da na gani a aikin rani a Daura

Bayan girbin bara na sayi wata ƙaramar tarakta ta hannu, 'yar Kwatano, mai ƙarfin doki 35, tana jan ƙafa huɗu, da cokalin ɗibar kaya a gaba. Buƙatata ita ce kai takin gida gona kafin damina, da ɗibar yashi da bulo na ginin da nake yi a hanyar Zango. A da amalanken shanu ke yi mini wannan aiki, sai a kwashe makonni ana abu ɗaya. Masu tambayata ko ta ci kuɗinta, e, ta ci. Ba ta shan gas, tana shiga lungun da babbar tarakta ba ta isa ta leƙa ba, kuma a rairayinmu na Daura, inda ko a-kori-kura ke kafewa, ita wucewa take yi abinta.

Inda nake da magana shi ne wajen ɗaukar kaya. Wannan na'ura tana iya ɗaga abin da ba za ta iya tafiya da shi lafiya ba, kuma mai sayarwa bai ce mini komai a kan haka ba. Ya dai cika cokali da duwatsu, ya ɗaga sama, ya ce in ga ƙarfi. Ƙarfi kam akwai. Sai da na kai ta wajen wani dattijon makanike a Katsina don canjin baƙin mai, ya zagaya ta, ya dafa tayar baya ya ce: "Alhaji, ina nauyin bayanta? In ka cika cokalin nan haka ka sha kwana, ƙafa za ta ɗaga maka."

Ya durƙusar da ni ya nuna mini gatarin gaba. Fil guda ne ya riƙe shi a tsakiya, don tayoyin gaba su riƙa lilo suna bin tudu da kwari. Ashe abin da ke hana tarakta kifewa gefe tayoyin baya ne. Da zarar kaya sun yi yawa a cokali, nauyi ya koma gaba, bayan ya yi sakayau, to tana tsaye ne a kan fil ɗin nan kaɗai, kunya ɗaya ta gero ko gindin shuri ya isa ya kwantar da ita. Ga shi birkin ma a tayoyin baya yake. Tayar da ba ta danne ƙasa ba, me za ta tsayar? Shi ya sa in da kaya nake barin ta a ƙafa huɗu, don na gaba su taya riƙewa.

Maganin bai da tsada. Mai faci ya ɗura wa tayoyin baya ruwa, wajen kashi uku cikin huɗu, sauran iska; kowace lita kilo guda ce, kuma nauyi ne da ke can ƙasa inda ake son sa. Mu nan sanyin hunturu bai kai ya daskarar da ruwa ba, don haka ruwan rijiya ya wadatar, in dai akwai tub a ciki saboda tsatsa. Sannan mai walda ya haɗa mini akwatin ƙarfe, muka zuba kankare, ana rataya shi a hannuwan baya inda ake ɗaura garma. Ranar da akwatin ba ya kusa, haro nake ɗaura mata. Bambancin a kujera ake jin sa: da, in cokali ya cika, bayanta rawa yake yi, yanzu zama take daram, sitiyari ma ya yi sauƙin juyawa.

Littafinta ya kawo adadi biyu na nauyin da cokali ke iya ɗagawa, kuma masu sayarwa babban suke faɗa. Na farko, kilo 500 da 'yan kai, a daidai fil ɗin da ya riƙe cokali aka auna shi. Na biyun an auna shi rabin mita gaba da nan, inda kaya ke zama a zahiri, bai kai 400 ba. Da siminti ko takin zamani lissafin a fili yake, buhu kilo 50 ne, bakwai nake sawa in tsaya, ko da leburori na cewa akwai sauran wuri. Yashi ne mayaudari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan bai sani ba: cokalin busasshen yashi da na jiƙaƙƙe daga bakin rafi girmansu ɗaya a ido, amma jiƙaƙƙen ya fi nauyi sosai. Takin shanu ma haka, na saman juji ba nauyi, na ƙasa danƙararre ne. In na zo kan irin wannan, rabin cokali nake ɗiba in yi sawu biyu.

Ɗan yayana da ke taya ni tuƙi, abin da muka fi yin faɗa a kai shi ne tsayin cokali. Yaro yana son ya ɗaga shi sama ya riƙa hango hanya ta ƙarƙashinsa, yana ganin gwaninta ce. "Kawu, ai haka na fi gani," in ji shi. Na ce masa gara ya rage gani da ya kwana a ƙarƙashinta. Cokali mai kaya kada ya wuce kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, a ƙaramar giya, sai an iso inda za a juye, a wuri mai baje, an miƙe sitiyari, sannan a ɗaga. A gangara kuwa kaya su kalli tudu: a hau da gaba, a sauko da baya, ba a ratsa ta a karkace. In ka ji bayan ya fara tashi, saki cokali ƙasa nan take. Takalman birkin guda biyu ne, hagu da dama, akwai ɗan ƙarfen da ke haɗe su. A haɗe nake barin su, don taka ɗaya kaɗai da kaya fizgar ta yake yi gefe.

Ƙarfen kariya da ke bayan kujera, na ga masu tarakta da yawa sun kwance nasu don ta shiga ƙofar gida, ko sun sa mai walda ya ɗora rumfar kwano a madadinsa. Rumfa inuwa ce kawai. Nawa mai naɗewa ne, ina miƙe shi da na fito daga gida, in ɗaura bel, domin ƙarfen ba ya amfanar wanda ya faɗo daga kujera.

Yara kuma sai haƙuri da tsawa. Da sun ji ƙararta sun taru, kowa na son a ɗauke shi a cokali, manya ma in za a koma gari sai su nemi a rage musu hanya. Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya. Ba na yarda kowa ya tsaya ƙarƙashin cokali ko da babu kaya, don a tiyoyin man da ke ɗaga shi, ɗaya in ya fashe, faɗowa yake yi babu sallama. In zan sauka, ko fitsari ne, sai cokali ya taɓa ƙasa, na ja birkin hannu, na kashe inji.

Tiyoyin da ta zo da su tsofaffi ne, rana ta tsattsaga su, biyu sun fara tsatsafo tun kafin zafi ya kankama. Makaniken ya hana ni laluben yoyo da hannu, ya ce man yana fita da matsin da ke huda fata, sai dai a kara kwali a gani. Ban samu irinsu a Daura ba, sai Kano aka buga mini sababbi. Mai niyyar sayen ta hannu ya sa kuɗin wannan a lissafinsa, kuma kafin ya biya, ya sa a ɗaga cokali da kaya a kashe inji, ya tsaya daga gefe ya ga ko yana sulalowa ƙasa da kansa.