Wane fulogi za ka saya wa ƙaramin jirginka?

Ka kai injin juyi 1,800 a minti kafin tashi, ka murɗa makulli zuwa magineto ɗaya (na'urar da ke ba fulogi wuta), allurar juyi ta faɗi fiye da 150, injin yana karkarwa. Kada ka yi saurin ɗora wa magineto laifi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, na sama da na ƙasa; galibi fulogin ƙasa ne dalma ta toshe. Man jirgi na 100LL da dalmarsa yake zuwa, ga shi mu a Jos filin Heipang ya haura mita 1,200 daga teku. Iska ba kauri, mai sai ya yi wa injin yawa in ba ka rage shi tun a ƙasa ba.

Mai kaurin baki irin REM40E araha gare shi, amma kullum kana cikin kwancewa da kankarewa. REM37BY mai dogon baki ya fi shi jure dalma, sai dai ka duba ko an amince da shi a injinka.

Ni dai nawa shi ne mai siririn baki na iridiyam, REM38S na kamfanin Champion ko UREM38S na kamfanin Tempest. Kuɗinsa ya kai ninki uku, na sani. Amma wutarsa ba ta gardama da sanyin safiyar hunturu, bakinsa ba ya cinyewa da wuri, kuma fili gare shi, dalma ba ta samun wurin maƙalewa. In aljihu bai kai takwas ɗin da injin mai silinda huɗu ke ɗauka ba, sayi huɗu ka ɗaura a ramukan ƙasa, can matsalar take.

Inda za ka buɗe ido shi ne wurin saye. Na taɓa karɓar takwas a hannun wani a Abuja, cikin kwali, suna sheƙi. Ashe tsofaffi ne aka wanke aka fesa musu fenti. Biyu suka ƙi wuta a gwajin farko, ɗaya farin tangaran ɗinsa a tsage. Har yau in na tuna cewa iyalina zan ɗauka ranar, sai gabana ya faɗi.

Tun daga nan ba na karɓa sai da takardar 8130-3, wato shaidar ingancin kayan jirgi, kuma lambar da ke jikinta ta dace da ta kwali. Ina duba wurin kama sifana ko akwai tabo. Ina ɗora mita, duk wanda turjiyarsa ga wuta ta wuce om 5,000 na mayar. Wanda ya faɗi a siminti kuwa, ko mai kaya ya rantse lafiyarsa ƙalau, bola zai tafi, don ido ba ya ganin tsagewar ciki. Zoben tagullar da ake ɗaura fulogi a kansa ma ka tabbata sabo ne.