Yaya, ga labarin agogunan mota daga Kumasi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara gaba ɗaya. Ka tambaye ni a waya ko gyaran mota a nan ya fi na gida, na ce ka bari in rubuto maka a tsanake, domin abin da ya same ni da motar maigidana watan jiya shi zai ba ka amsa.

Tsohuwar DAF ce, muna ɗaukar kaya daga Kumasi zuwa Tamale. Mun wuce Techiman da magariba, ina kunna fitila sai allurar agogon da ke nuna zafin inji ta miƙe ta doshi ja, ta tanki ma ta ɗaga alhali ban sha ko lita ɗaya ta gas ba. Na sauka gefen titi, na bari injin ya huce, muka buɗe lagireto: ruwa cike, bel ɗin fanka lafiya lau. Da fargaba na ƙarasa wannan tafiya.

Da muka dawo maigida ya ce in kai ta Magazin, wato unguwar masu gyaran mota da ke Suame a nan Kumasi. Ka ɗauki Ƙofar Ruwa ka haɗa ta da Panteka ta Kaduna, to ka fara kusantar girman wurin. Masu walda, masu ƙera bodi, masu sayar da kayan gyara, layi bayan layi. Bakanike a nan fita ake ce masa, mai gareji kuwa masta. Hausa ma ana jin ta sosai, saboda 'yan Zango da mutanen arewacin Gana sun yi yawa a sana'ar.

Wani dattijo mai gyaran wayar wutar mota, mutumin Aboabo, shi aka haɗa ni da shi. Bai ce in sayo komai ba. Tambaya ya fara yi: “Ɗana, agogo ɗaya ne ke wasa, ko duka tare?” Na ce tare, kuma ba sa yi sai na kunna fitila. Ya ce agoguna ba sa lalacewa tare rana ɗaya, sai dai abin da suka yi tarayya a kai, ko fis, ko wutar da ke shigo musu, ko wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Ya auna batir biyun, bolt 24 na nan, da aka tayar da injin ta haura wajen 28, caji ƙalau. Sai ya kwance fuskar agogunan, ya bi wayar komawar har inda aka ɗaure ta. Tsatsa ta cinye wurin, kan wayar ya yi kore. Idan fitilun agogo suka ja wuta suka rasa hanyar komawa, sai ta bi ta cikin agogunan, allura ta tashi a banza. Ya goge wurin da samfefa, ya sa sabon kai, ya kuma tsaftace kaurin wayar da ke haɗa kan mota da shasi. Na kunna fitila, allurar zafi ko motsi.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ya cire wayar na'urar zafi da ke jikin injin, ya taɓa ta da ƙarfe na ɗan lokaci, allura ta tafi ƙarshe: agogo da waya suna da rai ke nan. Na baƙin mai kuwa ya ce ba a yarda da allurarsa sai da shaida, ya kwance na'urarsa ya ɗaura agogon gwaji mai tiyo, ya duba ƙarfin man da idonsa. Na tanki kaɗai ya ci gaba da maƙalewa a rabi. Da aka zaro abin da ke iyo a cikin tankin, sai ga siririyar wayar da hannunsa ke gogawa ta cinye daidai tsakiya.

Abin iyon nan na tanki shi kaɗai na saya. Na hannu ne, wanda muke cewa Beljiyam, su kuma hom-yus. Mai shagon ya bar yaron masta ya tafi da shi aka gwada, ana ɗaga hannunsa allura na bi, kafin in biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar salula. Akwai sabo mai araha, amma dattijon ya ce in bai dace da agogon ba, tanki zai cika allura na nuna rabi.

Sai na tuna motar Kawu, yadda muke zura sanda a tanki, agogon zafi ya shekara biyu a mace har ranar da gasket ya ƙone mana a hanya. Ba na cewa masu wayarmu na Kano ba su iya ba, na san waɗanda hannunsu ya kai na wannan dattijo. Mu direbobi ne ba ma ba su lokaci, muna zuwa da “a sake sabo in tafi”.

Gida ma ya fi su a wasu wuraren. Kwana biyu wannan aiki ya ci mini, ga cunkoson shataletalen Suame, ga caɓi idan an yi ruwa. Kuɗin aiki ya fi namu tsada, ba a ɗaga wa baƙo ƙafa, ba kamar Ƙofar Ruwa da za a ba ka kaya ka biya bayan lodi ba. Kuma har yau wasu da tsohon kuɗi suke lissafi, tun canjin kuɗin Gana na 2007: in aka ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 ake nufi.

Wannan Marsandin taka da ka ce allurarta na rawa, kada ka sayi agogo tukuna. Ka kunna fitila ka ga ko allurar ta motsa, sannan a bi wayar komawa. In na tanki ne ya ci, ka turo mini hoton lambar da ke jikinsa, in nemo a Magazin in ba masu motar goro su kawo maka. Ka gaishe mini da Inna, ka ce ina nan tafe da babbar Salla in Allah ya yarda.