Man Kanumfari Ko Nystatin: Wanne Ya Fi Ga Farin Kurajen Baki?

Farin kurajen baki, masu kama da farin datti da ke mannewa a harshe, yawanci aikin naman gwari ne mai suna Candida albicans. Man kanumfari na ɗauke da sinadarin eugenol, kuma a ɗakin gwaje-gwaje an ga yana lalata fatar ƙwayar, ya hana ta yaɗuwa. Sai dai ƙarfinsa na bambanta daga kwalba zuwa kwalba, in ba a sirka shi ba kuwa yakan ƙona dasashi. Wannan ne ke damuna, musamman a bakin jariri.

Nystatin, maganin naman gwari da aka gano a 1950, yana kama ergosterol, wani sinadari da ke cikin fatar ƙwayar, ya huda ta. Ma'auninsa sananne ne, ana kurkure baki da shi kwana 7 zuwa 14. Ga jarirai da masu raunin garkuwar jiki, shi nake zaɓa.