Gargaɗi game da masu sayar da tsakuwar cikin dainoso a Kano

Ina jan hankalin jama'ar birnin Kano game da wasu 'yan talla da suka bayyana a WhatsApp da Facebook suna sayar da ƙananan duwatsu masu santsi da sheƙi, suna cewa daga cikin tumbin dainoso, wato dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, aka ciro su a hamadar Nijar. Suna kai kayan har ƙofar gida, suna karɓar dubban nairori, wasunsu ma suna ƙarawa da cewa idan aka jiƙa dutsen aka sha ruwan yana maganin gyambon ciki. Wannan damfara ce, kuma abin da ya sa take kama mutane shi ne an jingina ta da gaskiya.

Duk wadda ta taɓa gyara kaza ta ga tsakuwa a cikin ƙundu, domin tsuntsu ba shi da haƙora, da ita yake niƙa abinci. Jimina da kada ma suna haɗiyar duwatsu, kuma an samu tarin tsakuwa a ƙwarangwal ɗin wasu dainoso, kamar Psittacosaurus na ƙasar Sin da Mongoliya. Haka nan Gadoufaoua da ke hamadar Tenere a Nijar ta yi suna da ƙasusuwan dainoso. Daga can aka haƙo Ouranosaurus da Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da Nigersaurus da Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa wa suna a 1999. Da waɗannan sunaye masu tallan ke rufe bakin mai tambaya.

Abin da ba sa faɗa shi ne, masana ba sa gane irin wannan dutse ta hanyar kallonsa a tafin hannu. Shaidar tana wurin da aka same shi: a tarar da tsakuwar a dunƙule tsakanin haƙarƙarin dabbar, ƙasusuwan ba su watse ba, a cikin laka ko lallausan yashi da ya daskare, inda ruwan da ya kwantar da ƙasar ba shi da ƙarfin ɗauko dutse mai wannan girma, sannan a auna, a ɗauki hoto, a rubuta kafin a taɓa komai. Da zarar an raba dutsen da ƙwarangwal aka jefa shi a leda, shaidar ta tafi, ko da kuwa asalinsa na gaske ne.

Sheƙin da suke tinƙaho da shi ma hujja ce a kansu. A binciken da Oliver Wings da Martin Sander suka wallafa a 2007, an ciyar da jiminu duwatsu a Jamus, aka ga ƙundu yana cinye dutse ne ya bar shi a dushe, ba ya goge shi ya yi ƙyalli. Ruwan kogi da iskar hamada suna sa dutse santsi, ɗan mai kuma yana ƙara masa haske, don haka tsakuwar kogin Challawa ta isa a yi wannan ciniki. Wanda ya ce a gefen Kano ya haƙo nasa ya fi kowa ƙarya, domin birnin yana zaune ne a kan tsohon dutse irin wanda ba ya adana ƙasusuwan dainoso.

Abin da ya fi damuna shi ne marasa lafiya. Mai gyambon ciki da ya ajiye maganin asibiti ya koma shan ruwan tsakuwa yana iya wayar gari da aman jini.

Idan an kawo muku tallan, ku nemi hoton dutsen a cikin ƙwarangwal tun kafin a cire shi, da sunan cibiyar da ta yi haƙar, kada kuma ku tura kuɗin kafin alƙalami. Wanda ya riga ya saya ya adana saƙonnin da shaidar biya, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, dutsen kuma ya nuna wa malaman ilimin duwatsu a jami'a su gaya masa irinsa.