Wasiƙa daga Liyon zuwa Tawa: ranar da aka biya ni don in kakare

Ƙanena, ina gaishe ka da Inna da duk mutanen gida. Yaya zafin Tawa? Mu nan sanyi ya fara shigowa.

Ka tambaye ni kayan Faransa. Akwai su jibge, amma albasar kantin nan ba ta kama ƙafar ta Galmi ba, ga tsada. Abin da nake ɗokin ba ka labarinsa ya faru ne watan jiya, kuma ya shafi manhajar da kake haɗa wa 'yan albasa a Jami'ar Djibo Hamani.

Wani kamfanin sufuri ya gayyace ni. Wata mata ta miƙo mini waya ta ce in sayi tikitin mutum biyu na ranar Juma'a, kuma duk abin da ya zo mini a rai in faɗe shi a fili. Ta ƙara da cewa: "Manhajar muke jarrabawa, ba kai ba." Ina isa wurin zaɓen rana na kakare. Na danna sau uku, shiru, ashe maɓallin ya ɓuya can ƙasa. Na dube ta ina neman agaji, ita kuwa sai ta ce: "Me ka zata zai faru da ka danna nan?" Ta rubuta amsata. Abokin aikinta yana ƙirga lokaci. Da muka gama har godiya suka yi mini, suka ba ni takardar sayayya ladan wahala.

Ashe sana'a ce sukutum, binciken yadda kaya ke zauna wa mai amfani da su. Wani Ba'amurke, Don Norman, shi ya yayata sunan abin, wato "user experience" da Turanci, lokacin da yake aiki a Apple a shekarun 1990. Misalinsa ƙofa ce: in ka ja ƙofar da turawa ake yi, laifin wanda ya sa mata mariƙi ne. Abokinsa Jakob Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin, don haka gara a gwada da biyar, a gyara, a sake nemo wasu biyar. Manyan kamfanoni kuma kan raba masu saye gida biyu, kowane gida a nuna masa fasali daban, a ƙirga wanda ya fi kai mutane ga biya. Wannan ƙirgar tana nuna inda aka tsaya, amma dalilin tsayawar sai an zauna da mutum.

A hanyar komawa ɗaki Inna ce ta faɗo mini a rai. In na aika mata kuɗi, saƙon da Faransanci yake zuwa, sai ta jira yaro ya taso daga makaranta. Mitar wuta kuma lambobi 20 ne, ɗaya ta kuɓuce a koma farko. Kullum cewa take, "Kaina ne ba ya ja." Matar da ke riƙe da lissafin adashin unguwa a ka, ba ta taɓa ɓatar da dala ba! Abin yana ci mini rai ƙwarai. Babu wanda ya taɓa zama kusa da ita ya ga inda yatsanta ke tsayawa.

Kada ka ɗauka nan komai daidai ne. Ofisoshi da yawa sun koma intanet, tsofaffinsu na shan wuya, in ka buga waya kuma na'ura ce za ta yi ta ce maka danna ɗaya, danna biyu. A gida mai shagon aika kuɗi ya san fuskarka, ya san mahaifinka. Telanmu ma ai gwada maka yake, ka sa rigar, ya dubi kafaɗa, ya rage. Shi ne dai aikin matar nan ta kamfanin sufuri.

To ka ji shawarar yayanka. Kada ka gwada manhajar da abokan karatunka, su sun iya waya. Ka hau mota ka tafi Galmi, ka sami 'yan albasa biyar, da wayoyinsu masu fasasshen gilashi, a cikin rana inda da ƙyar ake ganin rubutu. Kada ka ce "Ta yi kyau?", don kunya za ta sa su ce ta yi. Ka ce su ba ka labarin buhun ƙarshe da suka sayar: wa ya gaya musu farashi, ta saƙon murya ko ta bakin dillali? Ka lura da ƙidaya sosai. Kai za ka rubuta 100, su dala ashirin suka sani. Ka rubuta 15,000, su jika goma sha biyar suke faɗa. Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ka sa ta, da murya in zai yiwu. Mafi wuya shi ne riƙe bakinka in sun kakare, don hannunka zai yi ta ƙaiƙayin karɓe wayar.

Kafin Galmi ka fara da Inna. Ka rubuto mini duk inda ta tsaya, ka kuma gaishe mini da Kawu.